Wasan 'Yar Jimina

Shafi na 17

Zuwa ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, wasannin da suka shigo gidan nan domin na'urar gem ta jikata sun kai goma sha ɗaya. Bakwai na amince da su, suna cikin gwangwanin da ke kan firji. Uku na sa an mayar wa mai shago. Ɗaya na riƙe, yana cikin gidan tabarau nawa, kuma a kansa ne aka yi abin da zan ba ku labari yau.

Masu aiko saƙo cewa na daɗe ban rubuta ba, ku yi haƙuri. Yatsun da suke buga muku rubutu su ne suke buga gem ɗin, kuma shekarunsu saba'in da uku. Baiwar Allah da ta rubuta cewa jikar tawa shekararta biyar, a gyara: shida ne da wata biyu.

Da la'asar sakaliya na ji ƙarar makullin ɗana a ƙofa. Shi ne babba, injiniyan ruwa, shi ne kuma uban Ɗigo, wadda muke kira haka saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta. A gidansa nake zaune tun watan Mayu, watan da matarsa ta rasu a asibitin wani gari mai nisa. Abin da Ɗigo ta sani shi ne uwarta tana jinya, za ta dawo idan ta warke. Haka ubanta ya yanke, ya kuma roƙe ni kada in tsallake maganarsa. Ban tsallake ba. Duk lokacin da ta tambaye ni, amsata ɗaya ce: "Ki tambayi Abbanki."

Bai saba dawowa kafin magariba ba. Da na ji takalmi mai tsini yana biye da nasa a kan matakala, na san ƙanwarsa Lauya ya ɗauko, na kuma san ƙara aka shigar. Ɗigo tana can hawan ƙasa na benen, wurin ƙawarta 'yar maƙwabta.

"Baba, barka da hutawa."

"Barkanku dai. Yau kotu ta tashi da wuri?"

"An ɗage zaman zuwa nan," in ji Lauya, ta dire jakarta a kan jaridata.

Injiniya bai zauna ba. Ya tsaya a bayan kujera ya dafa ta da hannu biyu, irin tsayuwar da yake yi tun yana yaro idan ya haddace abin da zai faɗa.

"Baba, ina katin wasan da Goggonta ta kawo?"

"Yana wurina."

"Mako uku ke nan."

"Da kwana biyu."

"Yarinya tana kuka a mota kullum da safe. Jiya malamarsu ta kira ni."

"Na ji kukan. Kunnena bai yi ritaya ba."

"To ka ba ta."

"A'a."

Lauya ta ja kujera ta zauna a gabana, ta harɗe yatsu.

"Baba, ni na saya da hannuna. Na duba kwalin gaba da baya. An rubuta ɓaro-ɓaro, daga shekara uku zuwa sama. Mai shago ya kunna mini na tsaya na kalla. 'Yar jimina ce tana bin uwarta tana tsintar 'ya'yan itace. Babu bindiga, babu jini, babu ashar."

"Minti nawa kika kalla?"

"Kamar biyar."

"Wasan mataki tara ne. Kin karanta gabatarwa kin ce kin sauke littafi."

"Gem ne, Baba, ba tarihin daula ba."

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi, ban taɓa sa wa ɗalibi littafi a hannu ba sai na kai bangonsa na baya. 'Ya'yan mutane ma na yi wa haka, balle jinina. Lambar da ke jikin kwali shaidar wani ce wanda bai taɓa ganin Ɗigo ba. Ke da kike lauya, kina karɓar shaidar wanda ba ya wurin?"

Ta juya ga yayanta.

"Ka ji ko? Haka ya yi wa na tseren motoci."

"Wannan ai maroƙi ne. Ba a yin zagaye ɗaya sai ya tsayar da yaro ya ce a saya masa taya."

"Na gonar kaji fa? Kaji, Baba!"

"Kajin ba su da laifi. Ƙofar da aka bari a buɗe ce. A rana ta biyu wani da ban sani ba ya aiko saƙo ta cikin wasan, yana tambayar shekaruna da makarantar da nake zuwa. Na ce saba'in da uku, na yi ritaya. Har yau bai amsa ba."

Ta kusa yin dariya, ta haɗiye.

"Na ukun, na gina gidaje, me ya yi maka?"

"Ba ya yarda a tsaya. Idan aka kira yaro cin abinci ya ajiye, duk abin da ya gina sai ya rushe. Wasan da zai hukunta yarinya don ta amsa kiran ubanta ba zai kwana a gidan da nake ba."

"Waɗancan mun yarda," in ji Injiniya. "Ba mu ce uffan ba. Wannan kuwa ko dalili ba ka bayar ba."

"Sau biyu na ce ka zauna in nuna maka. Na farko ka ce kana da taro. Na biyu ka ce ba ka da lokacin wasan yara."

Ya saki kujerar, ya zagayo. Muryarsa ta yi ƙasa, wanda a wurinsa alama ce ta ɓacin rai.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma zan faɗi abin da ya kawo mu. Na yi magana da wata makarantar yamma. Daga Litinin can za a riƙa wucewa da ita har in tashi aiki. Kai kuma ka huta. Lauya ta gyara maka ɗaki a gidanta, akwai wurin littattafanka."

"Wato an yanke hukunci kafin a saurari wanda ake ƙara."

"Ba kora ba ce, Baba," in ji Lauya da sauri.

"Na san kora, na koyar da ita babi-babi. Ba a taɓa kiranta da sunanta ba."

"Idan ka ba da katin, magana ta ƙare," in ji Injiniya. "Ba inda za ka je."

Na cire tabarau na goge da bakin riga. Ina son yarinyar nan fiye da yadda zan iya rubuta muku. Ni nake karɓo ta daga makaranta, ni nake ɓare mata lemo, ni take kira tsoho mai ran ƙarfe idan ta cinye ni a wasan haɗa launuka. Sa'o'in nan na yamma su ne abin da ya rage mini na aiki a duniya. Na mayar da tabarau.

"Akwatina ƙarami ne, ba ya ɗaukar lokaci. Katin zai bi ni."

"Baba!"

"Ko a gidanki, ko a ƙarƙashin gada."

Lauya ta buga tafin hannu a cinya.

"Wai ba ka gane ba ne. Ba za mu iya ce mata ya ɓace ba. An riga an gaya mata daga wurin wanda ya fito."

Injiniya ya harare ta. Ta kama bakinta, amma magana zarar bunu ce.

"Daga wurin wa ya fito?" na tambaya.

Ta dubi yayanta, ta kau da kai.

"Da ke nake."

"Mamanta," ta ce, idonta a kan tebur. "Na ce Mamanta ce ta aiko daga asibiti."

"Ke kika ƙirƙiro?"

"Ni na sa ta," in ji Injiniya. "Na'urar ma haka muka ce. Da takalmin makaranta. Da jakar. Tana murna, Baba. Ka ga fuskarta kuwa idan aka ce daga Mama ne?"

Sai a lokacin na fahimci kukan mota. Mako uku ina zaton yarinya tana kukan abin wasa, ashe kukan saƙon uwarta take yi, ni kuma na tare shi a aljihu.

"Zauna," na ce masa.

"Baba, ba ni da..."

"Zauna, na ce."

Ya zauna.

"A watan Satumba na shekarar 1566, wani sarkin Turkawa ya rasu a cikin tantinsa, rundunarsa tana tsaka da yi wa wani birni ƙawanya. Wazirinsa ya ɓoye rasuwar wajen mako bakwai. Ana ta fitar da umarni da sunan sarki, mayaƙa suna bi, ba su san gawa suke yi wa biyayya ba."

"Baba, ba aji muke ba."

"Ban gama ba. Wazirin yana da uzuri: magaji yake jira ya iso. Da magaji ya iso, ya faɗi gaskiya. Kai wata biyar kana aika kaya da sunan marigayiyar nan. Wa kake jira ya iso?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta yi ƙanƙanta," ya ce daga baya.

"Wa ya faɗa? Kwali?"

Na miƙe na ɗauko na'urar daga inda take caji a kan kantar bango. Na buɗe gidan tabarau, na zaro ɗan katin, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, na zura shi. Na riga na ajiye wasan a ƙarshen mataki na huɗu. Na miƙa masa.

"Maɓallin dama tsalle ne, na hagu gudu. Buga."

Ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Lauya ta taso ta tsaya a kafaɗarsa.

Zan faɗi gaskiya game da wasan nan, domin ba na zaluntar ko da abokin gaba: an ƙera shi da kyau. Matakai ukun farko babu abin da yaro zai koya a ciki sai haƙuri da lura. 'Yar jimina tana bin sawun uwarta a fili, tana koyon inda ruwa yake, tana ɓuya a ƙarƙashin fiffike idan hadari ya taso. Babu talla, babu baƙo mai aiko saƙo, ana iya tsayawa a kowane lokaci. Da a mataki na uku na tsaya, da tuni yana cikin gwangwanin kan firji.

A ƙarshen na huɗu kuraye suke fitowa.

Yatsun Injiniya sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Ya tsallake ramuka, ya kauce wa ƙaya, 'yar jimina tana gudu a bayan uwarta, kiɗa yana ƙara zafi. Suka iso gindin wata bishiya mai kogo. Uwar ta tura 'yar ciki da baki. Rubutu ya fito a ƙasan allo, murya kuma ta karanta shi domin yaran da ba su iya karatu ba:

"Jira ni a nan. Zan dawo."

Uwar ta fita fili ta buɗe fikafikai don kurayen su gan ta, ta ja su zuwa wani gefe har ƙura ta rufe su.

"Sai me?" in ji Injiniya.

"Danna."

Ya danna. 'Yar jimina ta leƙo daga kogo. Rana ta faɗi a allon, ta fito, ta sake faɗuwa. A safiya ta uku iska ta kawo gashin jimina guda ɗaya, ya sauka a bakin kogon. Sai aka rubuta: Mataki na biyar. Daga nan har na tara, ita kaɗai take tafiya.

Lauya ta koma kujerarta ba tare da ta duba inda kujerar take ba.

"Ban yi sauri ba ne," in ji Injiniya. "Ta ina ake komawa baya?"

Na nuna masa. Ya sake. Wannan karon bai shiga kogon ba, ya yi ƙoƙarin bin uwar; wasan ya mayar da shi. Ya sake, ya bi ta hagun bishiya. Ya sake, ya tsaya a fili don kurayen su kama shi a maimakonta. Suka wuce shi kamar ba su gan shi ba.

"Akwai wata hanya. Dole akwai."

"Sau arba'in da ɗaya na gwada. Abin da ya ci mini mako uku ke nan. Babu."

Ya ajiye na'urar a kan tebur, kiɗan yana ci gaba a hankali.

"Wannan mugunta ce," in ji Lauya. "Su rubuta shekara uku a kan wannan? Wallahi sai na rubuta wa kamfanin."

"Rubuta, amma ba za ki ci shari'ar ba. Ba su yi ƙarya ba. Yarinyar da uwarta take kicin tana iya buga shi, ta yi kuka, ta ruga ta rungume uwarta, gobe ta manta. Ba ita aka saya wa ba. An saya wa yarinyar da aka ce wa jira, za ta dawo. Aka kuma ce mata uwar ce ta zaɓa."

Injiniya ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Shi ke nan, Baba. Ka yi gaskiya. Zancen tafiya gidan Lauya a bar shi. A jefar da katin. Gobe zan nemo wani mai tsuntsu a kwali, mu ce shi ne."

"Mu?"

"To, in ce."

"Ba da ni ba. Ba kuma a gabana ba."

"Me kake so kuma? Na ce ka yi gaskiya!"

"Ba gaskiyar kaina nake nema ba, na tara ta da yawa ba ta yi mini amfani ba. Ka toshe wannan, gobe wani ya ɓullo. Kai injiniyan ruwa ne, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da bututun da ake ta liƙewa. Yau kati ne, na kama shi. Gobe yaro ne a filin makaranta wanda ya ji iyayensa suna zance. Shi ba zai shiga gidan tabarau ba."

"'Yata ce."

"'Yarka ce. Shi ya sa na yi shiru wata biyar. Amma ba zan riƙe maka fitila kana buga hatimin ƙarya ba. Idan wannan ne sharaɗin zama, Lauya, a shimfiɗa zanen gadon."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta yi ƙara.

"Kana ganin ban gwada ba? Sau nawa na zauna a bakin gadonta? Da na buɗe baki sai ta ce, Abba, ka gaya wa Mama na iya ɗaure takalmi. Kai ka faɗa mana yadda ake yi, tunda ka karanta komai! A wane littafin aka rubuta?"

"Ba a rubuta ba," na ce. "Na duba."

Ba mu ji hawowar yarinyar ba. Lauya ce ta shigo ƙarshe, ba ta tura ƙofar ta kama ba.

"Waƙar 'yar jimina!"

Ɗigo ce a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kitsonta na gefe ya kwance. Ta jefar da takalmin ta rugo. Na riga ta kai hannu, na kife na'urar a kan tebur na ɗora tafina a kai.

"Kaka, nawa ne! Mama ce ta aiko mini!"

"Ɗigo, ba a gaisuwa?" in ji Lauya.

"Ina wuni Goggo, ina wuni Abba. Kaka, ɗaga hannunka."

"Ba zan ɗaga ba."

"Tsoho mai ran ƙarfe, mai ƙwacen kayan yara!"

"Na amsa."

Ta kama babban yatsana da hannu biyu tana ja. Da ta ga bai motsa ba, ta tsaya ta dube ni, irin kallon uwarta sak.

"Don kuraye ne ko? Ai na sani."

Injiniya ya durƙusa a gabanta.

"Me kika sani?"

"Ƙawata tana da irinsa, babanta ya saya mata. Na ga wurin. Uwar ta ce a jira ta, sai kuraye suka bi ta." Ta ɗaga kafaɗa. "Amma ƙawata ba ta iya gudu ba ne. Hannunta sanyi gare shi. Ni na fi ta. Shi ya sa Mama ta aiko mini, ta san ni zan kuɓutar da ita."

Lauya ta juya ta fuskanci taga.

"Kaka, kai ka buga ko? Na ga kana ɓoyewa a ɗaki kana bugawa."

"Na buga."

"Ka kuɓutar da ita?"

Injiniya ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin roƙo irin wannan a idon ɗan adam ba. Kalma ɗaya yake so, ƙarama, wadda ba ta fi numfashi ba. Na dube shi har ya gane ba zai samu ba.

"A'a, ban kuɓutar da ita ba."

"Don ka tsufa ne."

"Abbanki bai tsufa ba, ya gwada yanzu a gabana. Saurara da kyau, Ɗigo. Ba a kuɓutar da ita. Waɗanda suka ƙera wasan haka suka gina shi. Ko wa ya buga, ko yaya saurinsa, ba ta dawowa. Ba laifin ƙawarki ba ne, ba laifin 'yar jimina ba ne, kuma da kin buga, da ba laifinki ba ne."

Ta saki yatsana.

"Ko sau ɗari?"

"Ko sau dubu."

Ta tsaya tana tunani. Yarinya ce mai bin magana daki-daki. Wannan a wurina ta gada, kuma a ranar na yi fatan da ba ta gada ba.

"To me ya sa ta ce za ta dawo?"

"Don tana so ta dawo."

"To me ya sa Mama za ta aiko mini wasan da uwa ba ta dawowa?"

Ta dubi Goggonta, ta ga baya. Ta dubi ubanta, ta ga ƙeya, domin kansa yana ƙasa. Ta dawo kaina.

"Kar ka ce in tambayi Abba. Kullum haka kake cewa."

"Yau ma haka zan ce. Ga Abbanki nan a gabanki. Bambancin kawai shi ne yau zai amsa."

"Baba," in ji Injiniya, da muryar da ban san shi da ita ba.

"Na'am."

Na jira. Ina tsammanin zai ce in haɗa akwatin a daren, kuma na shirya haɗawa. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙa hannu ya cire wa yarinyar ɗayan takalmin, ya ajiye shi kusa da gwiwarsa.

"Ku ba mu wuri."

Na zare katin, na mayar da shi gidan tabarau. Ni da Lauya muka fita, na ja ƙofar da kaina har ta kama. Muka zauna a kan matakala, ita a sama ni a ƙasa, kamar ɗaliban da aka koro daga aji.

"Ka tilasta shi, Baba."

"Na tilasta shi."

"Idan abin ya yi mata illa fa?"

"Zai yi. Wancan ma yana yi, ba a gani ne kawai."

"Ko a jikinka?"

Na damƙe gidan tabarau da hannu biyu, na juya fuskata ga ƙofar.

Ta cikin ƙofa muka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba. Muka ji tata, tambaya, sai wata tambayar. Daga nan muka ji abin da ba zan rubuta ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo daga hawa na ƙasa, Lauya ta yi mata alama da hannu, ta koma.

Hasken tagar matakala ya yi ja kafin a buɗe ƙofar. Ɗigo ce ta buɗe. Ubanta yana zaune a ƙasa a bayanta, ya jingina da ƙafar tebur, gaban rigarsa a jiƙe. Ta wuce Goggonta da ta buɗe mata hannu. Ta sauko mataki biyu har fuskarta ta yi daidai da tawa.

"Kaka."

"Na'am, Ɗigo."

"Kai ma ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ta dube ni, ta dubi gidan tabarau da ke hannuna. Ta juya ta hau, ta shiga, ta zauna a cinyar ubanta.

Ba a kai ta makarantar yamma ba, ni ma ban koma gidan Lauya ba. Ni nake karɓo ta daga makaranta har yanzu, tana kuma ba ni hannu idan za mu tsallaka titi. Tun daga wannan Laraba ba ta sake tambayar katin ba, ba ta kuma sake yi mini magana ba.